SABUWAR MANHAJA, TSOHUWAR RAJISTA: NAUYIN DA KE KAN HEDIMASTOCI

Matafiyin da ya bar Gwagwalada ya nufi Lakwaja, in ya ɗan taɓa tafiya zai iso wani gari da ake kira Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali ta Birnin Tarayya, Abuja. A nan hedkwatar Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Ƙasa take, watau NERDC, wadda aka kafa cikin 1988. A ofisoshin wannan hukuma ne ake tsara abin da ɗan aji ɗaya na Argungu da takwaransa na Kalaba za su koya, da shekarar da za su koye shi. Tsakanin hukumar da makarantun firamare na Kwali babu wata tazara mai yawa, amma abin da aka rubuta a Sheda yakan yi shekaru kafin ya isa bisa allon waɗannan makarantu, wani ma har a soke shi bai isa ba.

A ƙarshen watan Agusta na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa an sake manhajar makarantun ƙasar nan. An ce 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare za su riƙa ɗaukar darussa 9 zuwa 10, 'yan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, 'yan babbar sakandare kuwa 8 zuwa 9. An wajabta koyar da tarihin Nijeriya tun daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. Darussan sana'a, waɗanda a da suka haura talatin, an mai da su shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da kuma noman lambu da na hatsi. Sanarwar ta fito ne ana saura 'yan makonni a koma makaranta.

Galibin iyaye sun yi maraba da rage darussan, gama kowa ya ga yadda jakar yaro ke rinjayarsa da safe. Amma akwai wani mutum guda wanda sanarwar ta hana wa barci, shi ne hedimasta, ko firinsifal in a sakandare ne. Shi zai sake jadawalin darussa, ya nemo wanda zai koyar da tarihi a makarantar da ta daɗe ba ta da malamin tarihi, ya amsa tambayar iyayen da suka riga suka sayi littattafan bara. Sa'an nan, abin da ya fi duka nauyi, shi zai sa hannu a kan makin da za a auna yaran da shi.

YADDA AKA FARO

Sauyin manhaja ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Cikin watan Satumba na 1969 aka yi babban taro a birnin Ikko domin duba irin ilmin da Turawa suka bari, kuma daga shawarwarin taron ne aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa cikin 1977, shekara guda bayan an buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta na UPE. Wannan manufa ita ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka soma cikin 1982. Dattawan malamai ba su manta ba da injunan koyon sana'a da aka sayo daga ƙasashen Gabashin Turai domin ƙananan sakandare, waɗanda da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu kuma wanda ya iya aiki da su.

Cikin 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito cikin 2004, ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Manhajar shekara tara ta soma aiki cikin 2008 da darussa har ashirin. Da aka ga sun yi yawa sai aka cure su suka koma goma daga 2014, amma curewar ta suna ce, domin an zuba darussa uku ko huɗu ne cikin buhu ɗaya, malami kuwa bai sami sauƙin komai ba. Ɗaya daga cikin buhunan, wanda ya haɗa ilmin addini da na zaman ɗan ƙasa, ya ta da ƙura har sai da Majalisar Ilmi ta Ƙasa, a taronta na Kano cikin 2017, ta ce a raba su. Cikin watan Oktoba na 2024 Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ba da sanarwar sana'o'i 15 da za a soma koyarwa a watan Janairu. Kafin watan ya ƙare an sauke shi daga muƙaminsa. Haka nan manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, wadda aka amince da ita cikin 2022, an soke ta cikin watan Nuwamba na 2025.

Hedimastan da ya kama aikin koyarwa cikin 2005, ashe, ya ga an sake masa manhaja sau uku, ban da ƙananan gyare-gyare, alhali kuwa ɗakin ajinsa yana nan yadda yake.

MAKIN YAU DA KULLUM

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tun daga 1977 manufar ilmi ta sake hanyar auna ɗalibi, ba abin da ake koya masa kaɗai ba. A da jarrabawa guda ta ƙarshen shekara ita ce alƙali: yaron da zazzaɓi ya kama ran jarrabawa ya yi asarar shekararsa. Sai aka kawo awon yau da kullum, wanda malamai ke kira C.A., watau a riƙa gwada yaro a kai a kai cikin zango, ana tara makinsa. Cikin 1985 Ma'aikatar Ilmi ta buga littafin jagora a kan haka. Abin da aka nufa shi ne a auna abu uku: abin da yaro ya sani, da halinsa, da abin da hannunsa ya iya, a kuma ajiye bayanin cikin katin da zai bi shi daga aji zuwa aji, ko da ya sake makaranta.

Wannan tsari ya ɗora wa shugaban makaranta amana babba. Bugun 2004 na Manufar Ilmi ya bayyana cewa da awon yau da kullum za a ciyar da yaro gaba daga aji zuwa aji, kuma takardar shaidar gama firamare a kansa kaɗai za ta dogara, hedimasta ne kuma zai ba da ita. A ƙarshen ƙaramar sakandare ana haɗa wannan maki da na jarrabawar BECE, wadda jihohi ke shirya wa makarantunsu, hukumar NECO ta Minna kuma take shirya wa makarantun Gwamnatin Tarayya. A babbar sakandare ma hukumar WAEC na bukatar kowace makaranta ta aika mata da makin ɗalibanta na shekarun nan uku kafin su zauna jarrabawar fita.

To, bari mai karatu ya yi lissafi. Manufar ta ce malami guda ga yara 35 a firamare. A garuruwan da ke kewaye da Abuja, irin su Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, inda jama'a ke ta kwararowa, ba abin mamaki ba ne a tarar da ninkin haka cikin aji guda. In malami na da yara 70, yana koyar da darussa 10, ana kuma son gwaji uku cikin zango, takardu 2,100 ke nan zai duba ya shigar cikin rajista kafin a zo jarrabawar ƙarshen zango. Wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, dabara zai nema. Daga nan ne ake samun gwaji guda a raba makinsa gida uku, ko a ba yaro maki don ya kawo tsintsiya ko alli, ko a cika gurbin hali da na aikin hannu da ka, a daren da za a raba kati. A wasu makarantun kuɗi kuwa maki na hawa ne don kada uba ya ji haushi ya cire ɗansa.

Duk wannan yana wucewa ne ta bisa teburin hedimasta. In ya sa hannu ya zama shaidar zur, in ya ƙi kuma yaran ba su da sakamako. Gaba kura, baya sayaki.

ZANGON DA YA SALWANTA

Abin da ya faru a Abuja cikin 2025 ya isa misali. Daga watan Maris har zuwa watan Yuli malaman firamare na gwamnati a ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, watau Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da cikin birni, suna yajin aiki saboda ba a biya su mafi ƙanƙancin albashi na Naira 70,000 da sauran haƙƙoƙinsu ba. Fiye da wata uku azuzuwa na kulle, sai da Ministan Birnin Tarayya Nyesom Wike ya shiga tsakani aka buɗe. Mafi yawan zango na uku ya tafi a haka, kuma shi ne zangon da ake yanke hukuncin wanda zai ci gaba. Rajista dai tana da gurbin gwaji na farko da na biyu, gurbin kuwa ba ya cika kansa. Ba a yi wata biyu da komawa ba sai ga sabuwar manhaja.

JARRABAWA TA RIGA KARATU

Ma'aikatar ta bayyana cewa sabon tsarin zai soma ne daga azuzuwan shiga, watau aji ɗaya da aji huɗu na firamare, da ajin farko na ƙaramar sakandare da na babba, sauran kuma su ƙarasa da tsohon. Wannan dabara ce mai kyau, ko da yake tana nufin hedimasta zai riƙe manhaja biyu a makaranta guda har shekara biyu. Amma kafin shekarar ta ƙare sai kuka ya tashi daga iyaye da shugabannin sakandare, cewa jerin darussan da aka fitar domin jarrabawar WAEC ta 2026 ya bi sabuwar manhaja, har wasu 'yan ajin ƙarshe suka ga babu darussan da suka yi shekara biyu suna koyo. Cikin watan Disamba na 2025 Majalisar Wakilai da ta Dattawa duka suka tsoma baki, suka nemi a bar yaran su rubuta abin da aka koya musu. Tambayar da firinsifal ke yi a nan mai sauƙi ce: darasin da yaro bai taɓa zama ajinsa ba, daga ina za a samo makinsa na shekara biyu da za a aika?

A cikin wannan shekara ce kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ce WAEC da NECO su koma yin jarrabawa da kwamfuta daga 2026, Majalisar Wakilai kuwa ta nemi a jinkirta har 2030 domin makarantun karkara su kintsa.

Ingila, inda muka gaji tsarin jarrabawa, ta taɓa bin wannan hanya. Ta soma sabuwar manhaja cikin watan Satumba na 2014, amma 'yan aji biyu da 'yan aji shida, waɗanda jarrabawar ƙasa ke jira a wannan shekara, an bar su a kan tsohuwar, ba a kuwa yi jarrabawa bisa sabuwar ba sai cikin watan Mayu na 2016. Har ila yau, kowace shekara hukumar jarrabawarsu takan aika wa shugabannin makarantu littafi guda mai bayyana ranakun gwaji, da abin da doka ta ɗora wa shugaban makaranta, da yadda za a bincika makin da malamai suka bayar. Malamansu ma sun yi gunaguni, amma kowa ya san abin da ke gabansa tun da wuri.

ABIN DA YA KAMATA

Bukatun shugabannin makarantunmu ba su fi ƙarfin gwamnati ba. Na farko, kada a jarraba yaro a kan abin da ba a koya masa ba. Hukumar Sheda da hukumomin jarrabawa su fitar da jadawali guda, a rubuce, shekara guda kafin a soma. Na biyu, takardar manhajar kanta ta isa hannun kowane hedimasta, domin wanda ke ƙauyen Abaji ba lalle ne ya iya sauko da ita daga intanet ba. Na uku, a horad da shugabannin kafin malamai. Akwai cibiyar NIEPA a Ondo da aka kafa domin horad da masu gudanar da ilmi, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma ƙungiyoyin hedimastoci da na firinsifal-firinsifal da za su iya kai saƙo kowane lungu. Na huɗu, masu duba makarantu su daina tsayawa ga ganin rajista ta cika. Su ɗauki littattafan yara biyar ko goma su gwada da makin da aka rubuta.

Su ma shugabannin da nasu aikin. Gwaji biyu na gaskiya sun fi huɗu na ƙarya amfani. Malaman aji guda za su iya haɗuwa su tsara tambayoyi tare, su yi musayar takardu wajen dubawa. Yaron da aka gano tun zangon farko bai iya haɗa baƙi ba, a gaya wa iyayensa a lokacin, kada a jira sai ya kai aji shida da kati cike da maki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyaye kuma, in an kawo kati gida, kada su tsaya ga duba ko yaro ya zo na nawa. Su buɗe littafinsa su ce ya karanta musu shafi guda. In abin da kunne ya ji ya yi daidai da abin da ke cikin kati, to, hedimastan wannan makaranta ya riƙe amanarsa, ya kuma cancanci a je har ofishinsa a yi masa godiya. In kuwa ba su yi daidai ba, ƙofar ofishin dai ita ce za a fara ƙwanƙwasawa, tun kafin zango ya ƙare.