Gandun Dajin Yankari: Makomar Giwa Tana Hannun Manomi

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa zuwa Yankari da rani, ya ga garken giwaye suna gangarowa Kogin Gaji shan ruwa da maraice, ya san ƙasarmu tana da dukiyar da ba a saya a kasuwa. Amma manomin da gonarsa ke bakin wannan daji yana da nasa labarin dabam, domin giwar da baƙo ke ɗaukar hotonta da rana, ita ce ke cinye masa dawa da dare. Tsakanin waɗannan mutane biyu ne aikin kare namun daji yake, kuma a nan wahalarsa take.

Gandun Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 2,244 ne. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen ƙasa, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauci da abinta. Ban da giwa, akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da dorina da mugun dawa. Akwai kuma zaki, wanda a duk Nijeriya ba a san sauransa ba sai a nan da gandun Tafkin Kainji. Ga kuma maɓuɓɓugar Wikki mai ruwan ɗumi, wadda zafinta ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina.

YADDA GARKEN YA RAGU

A ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006, an kimanta giwayen Yankari sun kai 350. Bayan 'yan shekaru kaɗan sai ƙiyasin masana ya faɗo zuwa tsakanin 100 da 150. Babban dalili shi ne haure. Ko da yake ƙasashen duniya sun haramta cinikin hauren giwa tsakaninsu tun 1989, fataucinsa a ɓoye bai tsaya ba, kuma mafarautan sata sun yi ta shiga dajin da bindigogi. Masu gadin daji da dama sun rasa rayukansu a wannan fafatawa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa ɓarnar ke da wuyar gyaruwa. Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake haihuwa. Watau abin da maharbi ya kashe cikin dare ɗaya, sai an yi shekaru kafin garke ya mayar da gurbinsa.

A 2014 Gwamnatin Jihar Bauci ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka domin gudanar da tsaron gandun. Aka horar da masu gadi, aka ba su kayan aiki da guzurin sintiri, aka ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda ke nuna inda garke yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Ƙungiyar ta ba da rahoton cewa daga watan Mayu na 2015 an yi shekaru a jere ba a tsinci gawar giwar da aka harbe ba. Wannan nasara ce babba, kuma masu gadin da suka kwana a daji dominta sun cancanci yabo.

KUKAN MUTANEN ƘAUYE

To, amma maganin maharbi dabam, maganin yunwa dabam. Yankari ba shi da shinge. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun matso har bakin iyaka, tsoffin hanyoyin da giwaye ke bi sun zama gonakin dawa da masara. Babbar giwa takan ci kilo 150 na ganye da ciyawa a rana, saboda haka idan garke ya faɗa gona gab da kaka, wahalar shekara guda ce ta tafi kafin asuba. Mutumin da aka yi wa haka, da wuya ya tona asirin maharbi in ya gan shi.

Makiyaya ma suna da nasu uzurin. Burtali ya toshe, makiyaya ta ƙuntata, ga ciyawa da ruwa a cikin gandu, sai su kora shanu ciki. Shanun kuwa suna cinye abincin namun daji, kuma cuta na iya ratsawa tsakaninsu, kamar yadda annobar bushiya ta 1983 ta hallaka shanu da ɓauna tare. Ga masu saran itace domin gawayi suna cin gefen dajin sannu a hankali.

Domin rage wannan rikici ne aka ɗauki wasu mutanen ƙauyukan kewaye a matsayin masu lura da giwaye, aka ba su wayar hannu su sanar da masu gadi da zarar garke ya fito, a kora shi kafin ya yi ɓarna. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙauyukan suna da yawa.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar ya isa misali. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ba a cikin gandu suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, har suna cin wake. Gwamnati ta hana farautarsu, ƙungiyoyi kuma suka haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi, suka ba da ƙananan rance, samari suka sami aikin yi wa baƙi jagora. Kafin 2018 sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a Jihar Maraɗi. Da talaka ya ga amfanin dabbar, shi da kansa ya zama mai gadinta.

Wannan shi ne abin da ya rage a yi a Yankari. Ya kamata wani kaso na kuɗin da baƙi ke biya ya koma ƙauyukan da ke bakin daji, a bayyane, ta hanyar rijiya da asibiti da makaranta. A tsara hanyar biyan diyya ga wanda giwa ta yi wa ɓarna, a gyara burtali, a riƙa biyan masu gadi haƙƙinsu a kan kari. Ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi su tuna cewa ana iya sake gina masaukin baƙi in ya rushe, amma giwar da ta ƙare ba ta dawowa. Ɗalibai kuma su nemi makarantunsu su kai su ziyara, domin gani ya kori ji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa jikokinmu su ga giwa da idonsu a bakin Kogin Gaji, amin.