Mai Kumburin Hannu Ko Ƙafa Da Tafiyar Jirgin Sama

Shekarar da na raka gwaggona Umra, zobe ne ya so ya dagula mana tafiya. Shekara uku ke nan a lokacin da yi mata tiyatar sankarar mama, aka cire nonon hagu, aka haɗa da kaluluwar da ke hammata. Tun daga nan hannun ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri, amma ba abin da mayafi ba zai rufe ba. Muka tashi daga Kano da dare, ta samu kujerar jikin taga, ta naɗe hannun cikin hijabi ta sha barcinta. Ruwa ko kurɓa ba ta yi ba, wai kada fitsari ya matse ta ya kai ta wannan ɗan akurkin banɗakin. Muna sauka Jidda ta miƙo mini hannun, ta ce, "Kai, dubi nan." Yatsun sun yi suntum, zoben azurfarta ya nutse cikin nama, bayan hannun yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na danna da babban yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Na ce, "Gwaggo, ina safar da likita ya ce ki sa?" Ta ce, "Tana cikin babban akwati. Kai ba ka san mace mai harami ba ta sa safar hannu ba?" Da sabulu da zare muka fid da zoben a masauki, hannun kuma sai da ya kwana huɗu bisa filo kafin ya sace.

Wannan kumburi shi likitoci ke kira limfedima, kuma ya bambanta da kumburin mai ciki ko na mai ciwon ƙoda. Ban da jini, akwai wani ruwa garai-garai mai ɗan ɗorawa da ke zagaya jiki, irin wanda ke fita idan bororo ya fashe a tafin hannun manomi. Yana da nasa siraran hanyoyin da ke kwaso shi daga nama, su bi da shi ta kaluluwar hammata da ta matsematsi a tace shi, sannan ya koma cikin jini. Jini yana da zuciya mai harba shi. Shi kuwa wannan ruwa ba shi da famfo, motsin tsoka da numfashi ne ke tura shi gaba. Idan aka cire kaluluwa, ko gashin da ake yi da na'ura don ƙone ragowar sankara ya lalata hanyoyin, sai ruwan ya rasa mafita ya taru a hannu ko ƙafa. Cikin matan da aka yi wa aikin sankarar mama, kusan ɗaya cikin biyar na gamuwa da shi, wata bayan watanni, wata bayan shekaru.

A ƙasarmu yana da tsohon suna: tundurmi. Shi tundurmi sauro ne ke kawo shi, ya zuba wa mutum wasu tsutsotsi masu kamar zare su zauna cikin waɗannan hanyoyi su toshe su, kuma su ne ke jawo wa maza da yawa gwaiwa. Tun shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da cutar, kuma rabon ƙwayoyin Mectizan da albendazole da ake yi gida-gida ya sa a 2017 aka sanar da katse yaɗuwarta a jihohin Filato da Nasarawa. Sai dai ƙwayar tana kashe 'ya'yan tsutsa ne, ba ta mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura. Saboda haka dattijon da ya shekara talatin da tundurmi, ya sayar da shanu ya biya kujerar Makka, shi ma da shi ake wannan magana.

To me jirgi yake yi wa irin wannan jiki? Jirgin fasinja yana tafiya ne a nisan mita 10,000 zuwa 12,000 daga ƙasa, inda mutum ba zai iya rayuwa ba, don haka ake cusa iska cikinsa. Amma ba a cika ta kamar ta doron ƙasa. Wanda ke zaune a ciki tamkar yana kan tudu ne mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, alhali Jos ma da ake kuranta tudunta tana wajen mita 1,200 ne. Kowa na iya gwada wannan da idonsa: ledar biskit da ba a buɗe ba takan kumbura idan jirgi ya lula, gorar roba kuma da aka sha rabinta a sama aka rufe takan lotse idan an sauka. Idan nauyin iskar da ke danne fata ya ragu, ana zaton ruwan da dama yake neman wurin taruwa yakan samu sarari. A ƙara da bushewar iskar cikin jirgi, wadda ta yi kama da ta tsakiyar hunturu.

Duk da haka ni a ganina an ɗora wa jirgi laifin da ya fi ƙarfinsa. A 2016 likitocin wani babban asibiti a birnin Boston na Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mutum fiye da 600 da aka yi wa aikin sankarar mama, ana auna hannuwansu lokaci-lokaci. Ba su ga hawa jirgi ya ƙara kaurin hannu ba. Abubuwan da suka ga suna tafiya da kumburin su ne cire kaluluwar hammata, gashin wurin, ƙiba, da shigar ƙwayar cuta cikin fata. Wato matar da aka yi wa tiyata amma hannunta bai taɓa kumbura ba, babu dalilin da za ta fasa tafiya, kuma kada ta je ta sayo safar matsi da ka ba tare da likitanta ya ce ba. Wanda kumburin ya riga ya kama shi kuwa hukuncinsa daban, safa ta zame masa dole. Abin da ya fi cutar da shi ma ba iskar ba ce, zaman ne. Daga Kano zuwa Jidda ko Madina awa huɗu zuwa biyar ne, amma wa ke lissafa yinin da aka yi kan benci a sansanin alhazai, da layin tantance fasfo, da motar da za ta kai mutum masauki? Masu zuwa Indiya neman magani ta Addis Ababa ko Dubai sukan kusa kwana a zaune, ƙafa na reto.

Maganar safar nan tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan aka fi yin kuskure. Ba safar 'yan ƙwallo ba ce, ba kuma bandejin kemis da mutum zai nannaɗe da kansa ba. Safa ce da aka saƙa ta matse sosai daga ƙasa, matsin yana raguwa yayin da take hawa sama, don ta riƙa kora ruwan zuwa gangar jiki. Auna mutum ake yi kafin a ba shi, kuma a manyan asibitocinmu sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi, su suka fi sanin wannan aiki. Wadda ba ta yi daidai ba ta fi rashinta illa. Idan bakinta ya naɗe ya zama kamar igiya, ya datse hanyar ke nan. Idan kuma aka sa ta damtse kaɗai ba tare da ta tafin hannu ba, sai ruwan ya gangaro ya cika yatsu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya: a samo ta tun da saura makonni, a yi ta sa ta a gida a ga ko tana sa yatsu sanyi, ko mutuwa, ko canza launi. In da hali a sayi biyu, ana wanke ɗaya ana sanye da ɗaya. Wadda ta haura wata shida ana amfani da ita ta saki, sai sabuwa. Ranar tafiya a sa ta tun da safe kafin kumburin yini ya taru, kada a cire a cikin jirgi, bayan an sauka ma a bar ta kamar awa biyu. Safa ta biyun tana cikin jakar hannu tare da magunguna da takardar likita mai bayanin larurar da Turanci, domin akwati yakan yi nasa yawon, jami'an bincike kuma sukan so sanin abin da ke ƙarƙashin bandeji. Amma mai ciwon zuciya, da mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji ko jini bai isa gare ta sosai, kada su matse ƙafa sai likita ya duba ya yarda.

A cikin jirgi a nemi kujerar bakin hanya. Duk awa guda, in ba a kunna alamar ɗaura bel ba, a tashi a taka zuwa baya a dawo. A zaune ma akwai abin yi: a riƙa ɗaga dunduniya ana saukewa kamar mai taka keken ɗinki, a juya idon sawu, a dunƙule hannu a buɗe, a ɗaga shi sama da kafaɗa, a ja dogon numfashi har ciki ya taso. Kada a cusa jaka ƙarƙashin kujerar gaba ta hana ƙafa miƙewa, kada kuma a ɗaga kaya zuwa ma'ajiyar sama da hannun da ke ciwo. Roƙon wani ya taimaka ba abin kunya ba ne. Zobe, awarwaro, agogo, duk a mayar da su lafiyayyen hannu tun daga gida, har da abin hannun shaida da ake ɗaura wa alhazai. Ruwa kuwa a sha. Ƙin shansa ba ya rage wannan kumburi, sai dai ya jawo jiri da kasala. Haka ƙwayar sa fitsari da wasu ke saya a kemis su haɗiya kafin tafiya: tana zuƙe ruwan jini ne ta bar hanyar a toshe yadda take. Kilishi da dambun nama da yajin da ya ji gishiri da magi, guzurin da ba ma rabuwa da shi, a ci da lissafi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fata. Gaɓar da ruwa ya kwanta a cikinta ba ta iya kare kanta, ƙaramar kafa ta ishi ƙwayar cuta shiga. Faso a dunduniya, cin ruwa a tsakanin yatsu, cizon sauro da aka sosa, farce da aka yanke har nama. Mai alwala sau biyar a yini ya riƙa tsane tsakanin yatsunsa da ƙyalle mai tsabta. Man kaɗanya yana da kyau, ga shi ba turare, amma a shafa da dare bayan an cire safa don maiƙo yana kashe robar. A tuna kuma ba a barin ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Baƙin lallen zamani da ake wa amare da matafiya yana ƙona fatar wasu, a kauce masa a wannan hannu. Allurar sanƙarau da ta shawara da ake wa maniyyata, da awon hawan jini, a miƙa ɗaya hannun in da hali. Ƙaho, tsaga da sakiya kuwa, ko a gida wajen wanzami ko a can inda ake tallar hijama, kada a kuskura a kai su kan gaɓar da ta kumbura. Ruwan ba a jaka guda yake ba balle a tsiyaye shi, yana cikin nama ne kamar ruwa a soso, kuma raunin yakan daɗe yana tsatsafo da ruwa bai rufe ba.

Sauran maganar Gwaggo. Ba ta yi ƙarya ba, mace mai harami an hana ta safar hannu, namiji kuma an hana shi rufe ƙafa da safa. Amma addinin da ya yi hanin bai manta da mara lafiya ba. Aya ta 196 a Suratul Baƙara ta buɗe ƙofar fidiya ga mai larura, hadisi kuma ya fayyace ta: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka. Littattafan fiƙihu suna da babin shafa a kan ɗauri ga wanda cire shi zai cutar. Yadda wannan zai hau kan larurar kowane mutum aikin malamai ne, kuma lokacin tambaya shi ne lokacin bita, a je da safar a hannu a nuna wa malam a gaya masa abin da likita ya ce. Aikin da ke gaba ba ƙarami ba ne. Safa da Marwa kaɗai ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi da tattakin jifa, ga zafin da a Hajjin 2024 ya wuce digiri 50 a Makka, zafi kuwa yana ƙara kumburi. Akwai keken turawa ga wanda ƙafa ta gaza. Takalmi ya zama sakakke wanda aka saba da shi, kuma kada a taka kwalta ko dandamalin waje ba takalmi don na mutum ya ɓace a ƙofar masallaci.

Alamu biyu ne ba a jira da su gari ya waye. Ta farko, idan gaɓar ta ɗau zafi, tana zogi, kumburin ya ƙaru farat ɗaya, ga zazzaɓi da rawar sanyi, ƙwayar cuta ta shiga. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu da sheƙi, in an taɓa a ji shi rau. A cire safar a nufi asibiti, kada a tsaya cewa zazzaɓin sauro ne. Wanda ya saba samun wannan ya roƙi likitansa ya rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya tafi da shi, ya kuma gaya masa lokacin farawa. Ta biyu ita ce gudan jini. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana kusan ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma mai sankara yana cikin waɗanda suka fi kusa da shi. Ciwo da kumburi a sha-raɓa ɗaya, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, ko ƙirji ya riƙa suka, ko da kwanaki bayan sauka ne, maganar gaggawa ce. Kada a murza ƙafar.

Dawowa ta fi tafiya wuya, don jiki ya gaji, tsaraba ta yi yawa, ga galan ɗin zamzam mai lita biyar da kowa ke son ya rungumo da kansa. Da za mu taso na ari tef irin na tela na auna hannun Gwaggo a wuyan hannu, da ƙasan gwiwar hannu, da tsakiyar damtse, na rubuta a bayan tikiti. Wannan awo ya kamata a yi shi tun kafin barin gida, a maimaita a wurare guda bayan kowace sauka. Idan ƙarin ya kai santimita biyu kuma ya ƙi sauka bayan kwana biyu ko uku na hutu da ɗaga gaɓar, a koma wa likita. A wannan karon safar tana hannunta tun daga masauki, zoben yana cikin jaka, ni kuma na bar mata kujerar bakin hanya. Sau uku ta tashi kafin mu iso Kano, tana mita kan ƙanƙantar banɗakin.