Zamanin da matan Ayilan ke zuwa coci da takalmi a hannu

Har zuwa farkon ƙarni na 20, a ƙauyukan yammacin Ayilan, tsibirin nan da ke maƙwabtaka da Birtaniya, ba abin mamaki ba ne ka ga mace ta nufi coci ko kasuwa ƙafarta a ƙasa, takalminta kuwa a hannu. Sai ta kusa shiga gari za ta tsaya bakin rafi ta wanke ƙafa, sannan ta saka. A hanyar komawa ta sake cirewa. Takalmi na da tsada, don haka ake tattalinsa domin fita kunyar jama'a. Tafin ƙafa kuwa ba a kasuwa ake sayensa ba.

Yara ma haka suke zuwa makaranta, daga watan Mayu har sanyi ya kama. Da yawa daga cikin waɗannan labarai sun tsira ne saboda aikin Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya ta ƙasar, wadda daga 1937 ta sa ɗalibai kimanin 50,000 rubuta abin da suka ji daga bakin tsofaffi. Cikin batutuwan da aka ba su har da kula da ƙafa.

A tsibiran Aran, inda ƙasar duk duwatsu ce, masunta na ɗinka wani takalmi mai suna "pampootie" da ɗanyar fatar saniya, gashin yana waje. Idan ya bushe sai ya ƙandare, dole a riƙa jiƙa shi. Ba ya daɗewa yake cinyewa, amma yana kama dutse mai santsi.

Wanda ya yini ba takalmi dole ya wanke ƙafa kafin ya kwanta, kuma a nan camfi ya shigo. An yi imani cewa idan ruwan wankin ƙafa ya kwana a ɗaki, aljanu sun samu hanyar shiga gida. Zubar da shi ma da ƙa'ida: sai mai zubarwa ya ɗaga murya ya yi gargaɗi, kada ya watsa wa wanda ido ba ya gani. Bahaushen da aka hana zubar da ruwan zafi da dare ba bisimilla ba zai yi musu dariya ba.

Ɗora takalmi kan tebur kuwa jawo tsiya ne a wurinsu. Amma idan mutum zai yi doguwar tafiya, sai a jefa tsohon takalmi a bayansa domin ya tafi da sa'a.