Tsatsar Jiki da Rigakafinta

Jama'a, mun san yadda yankakken dankali kan yi duhu in ya sha iska. Irin wannan kan faru a jikinmu. Aikin oksijin yana haifar da wasu sinadarai marasa natsuwa, masu fizgar ilektron daga ƙwayoyin halitta su lalata su. Hayaƙin taba yana ƙara yawansu. Bitamin C da E kan miƙa masu ilektron ɗin, sai ɓarnar ta tsaya. Muna samunsu a lemo, gwaiba, zogale da gyaɗa.

Amma hattara! A 1994, binciken da aka yi a Finland kan maza mashaya taba kimanin 29,000 ya nuna shan ƙwayar beta-karotin ya ƙara masu kansar huhu. Saboda haka mu nemi kariya a tukunya, ba a kwalba ba.