Ɗan Barewa a Gindin Aduwa

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Bahaushe. Amma duk makiyayin da ya san kwarurukan Abzin ya san akwai kwanakin da ɗan barewa ko rarrafen ba ya yi. Bayan ciki na kusan wata shida uwar takan haifi ɗa guda, ta kwantar da shi a gindin aduwa ko cikin ciyawa, ta yi nisa da kiwo don kada ta ja hankalin dila zuwa wurin, sai lokacin shayarwa ta dawo. Shi kuwa ya lafe, launinsa ya saje da yashi. Mai wucewa ya gan shi, tausayi ya kama shi, ya ce maraya ne, ya ɗauke shi zuwa gida. Yawancin irin waɗannan ba sa rayuwa, wanda ya rayu kuma ya ƙare a ɗaure a tsakar gida ko a hannun mai saye. Alherin da wannan ɗan yake bukata shi ne a bar shi inda uwarsa ta ajiye shi.

Wani zai ce wannan wane irin taimako ne, alhali masu babura na bin barewa a fili har numfashinta ya ƙare, tun ma ba bayan buɗewar zinariyar Jado a 2014 ba, da daji ya cika da mutane da motoci. Gaskiya ne, ɓarnar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai dai a duba girman wurin. Gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, ta kuma sa shi cikin masu fuskantar haɗari a 1992, ya haura hekta miliyan 7. Babu adadin jami'an gandun daji da zai tsare wannan faɗi. Wanda ke wurin kullum shi ne mai kiwon awaki da mai jan raƙumi, daga Timiya har Iferwan. Dabbar da ɗa guda take haifa, kowane ɗa da aka bari yana cikin lissafi. Mariri ya ƙare a wannan yanki, jimina ma ta ɓace daga dajin Abzin, kuma ɗaya bayan ɗaya suka tafi.

Wani kuma zai ce ai naman barewa halal ne. Ba a musu. Amma halaccin nama bai halatta raba uwa da jinjiri ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, Manzon Allah (SAW) ya ga tana shawagi cikin firgici, ya umarta a mayar mata da su. Masu bege ma sun daɗe suna ba da labarin barewar da aka kama ta roƙi a sake ta ta je ta shayar da 'ya'yanta, ta kuma cika alkawari ta dawo. Malamai na da magana kan ingancinsa, amma ya nuna inda zuciyar jama'a ta karkata tun da can.

Barewa ba ta roƙon kowa ruwa, domin tana iya daɗewa ba ta sha ba, laimar ganye ta ishe ta. Saboda haka mai gatari, ka bar mata itacen da take ci. Mai babur, in ta gilma ka sassauta. In kuma ka ga ɗanta kwance, ka kore karenka ka wuce.