Takardar da ke Bangon Banɗaki

Asian Town na gefen unguwar masana'antu ta Doha a ƙasar Katar, inda leburori 'yan Nepal, Indiya, Bangladesh, Kenya da Najeriya kan cika kantuna da filin kurket duk ranar Juma'a. A wani masaukin ma'aikata da ke kusa da nan ne wani saurayi Bakatsine, sabon zuwa, ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai: takarda manne a bangon banɗaki, da layukan launi a jere, na sama fari-fari, na ƙasa ja-ja mai duhu. Rubutun gefenta kuwa ba da harshen da ya iya ba ne.

Da farko ya ɗauka tallan fenti ne. To amma wa zai tallata fenti a makewayi? Washegari ya ga irinta a wurin gini, daf da tankin ruwan sha, an zana kofi ɗaya a gefen launin sama, kofuna da yawa a gefen na ƙasa. Ya ce lalle gwajin tsabtar ruwa ne. Ya tara a kofi, ya ɗaga, ruwa garau. Nan ma ba a dace ba.

Sai kuma ga tuta a bakin ƙofa. Da sassafe koriya ce, hantsi na dubawa aka sauya ta da rawaya. Da aka ɗaga ja, kafinta ɗan Nepal da birkila ɗan Kerala suka ajiye kayan aiki suka nufi inuwa, ba wanda ya ce wa wani uffan. A nan ya gane cewa launi magana yake yi a wurin nan, kuma zancensa na zafi ne.

Da dare ya sami wani dattijo Bakano, direban tanka da ya daɗe a ƙasar.

"Baba, na gane tutar. Takardar banɗaki fa?"

"Ɗana, me mutum ke gani a banɗaki wanda ke da launi?"

Saurayin ya yi shiru, sai ya fashe da dariya. Fitsari!

Haka abin yake. Idan gumi ya kwashe ruwan jiki, ƙoda takan riƙe ɗan abin da ya rage, sai fitsari ya ragu ya yi duhu kamar shayin da ya sha dahuwa. Ƙishirwa takan makara wajen ba da labari, shi ya sa aka ba kowa ma'aunin da zai duba shi kaɗai, ba sai da tafinta ba.

Dokar Katar ta 2021 ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ta kuma ce a tsayar da aiki duk lokacin da ma'aunin da ke haɗa zafi, laima, iska da ƙarfin rana ya haura 32.1. Wannan lissafin jami'in kula da lafiyar ma'aikata ne. Mai ɗaukar bulo ba ya yawo da na'ura, amma yana ganin tuta, yana kuma ganin fitsarinsa.

Dattijon ya ƙara masa da abin da takardar ba ta zana ba. Dokar nan ta wajabta wa kamfani ba da ruwan sanyi kyauta da wurin hutawa mai inuwa, ta kuma ba ma'aikaci damar dakatar da aiki ya kai ƙara ma'aikatar ƙwadago idan ya ga zafi na barazana ga lafiyarsa.

"Launin zai faɗa maka jikinka na neman ruwa," in ji shi. "Neman haƙƙinka kuwa, wannan sai ka buɗe baki."