Gidan Little Moreton da Kayan da Ke Kansa

Duk wanda ya san tsohuwar da ta shafe rayuwarta tana ɗauko damin itace a ka, ya san abin da kaya ke yi wa jiki: wuya ya karkace, baya ya rankwafa, amma ƙafa ba ta fasa tafiya ba. Haka gidan Little Moreton yake, a yankin Cheshire na Ingila, kusa da garin Congleton.

William Moreton ne ya fara gina shi wajen 1504, zuri'arsa suka yi ta ƙari har wajen 1610. Ƙashin gidan duk katakon itacen oak ne. Kafinta kan fafe rami a jikin wani katako, ya feƙe bakin wani ya zura, sannan ya kafe su da turken itace. Ratar da ke tsakani aka saƙa da tsumagu, aka yaɓe da laka. Kafintan da ya yi manyan tagogin tsakar gida, Richard Dale, har sunansa ya sassaƙa a kansu a 1559, kuma aikin ya cancanci a sa masa suna.

Matsalar daga sama ta zo. Aka ɗora wani dogon zaure mai tsawon mita 21 a kan ɓangaren kudu, aka rufe shi da fallayen dutse masu nauyin gaske, alhali ginin ƙasa bai shirya wa wannan kaya ba. Bango ya bankare, daɓen zauren ya yi tudu da kwari, mai tafiya a ciki yana jin ƙafarsa na hawa da sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka kula da shi. Tsohuwar da bayanta ya lanƙwasa ba a danne ta don a miƙe ta, sanda ake miƙa mata. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka ɗaure zauren da sandunan ƙarfe, daga baya aka ƙara wasu ƙarafa a ɓoye, aka bar karkacewar yadda take.

Talauci ma ya taimaka. Iyalan Moreton sun goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila, arzikinsu ya karye, gidan ya koma hannun manoma 'yan haya, babu mai kuɗin rushe shi ya yi na zamani. Tun 1938 yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, kuma yana mataki na ɗaya cikin gine-ginen da dokar Ingila ta hana a sauya ba tare da izini ba.